Na gama AP Government, ga yadda na same shi

Ƙanwar mamanmu ce ta dame ni da tambaya, wai ta bar ɗanta ya ɗauki AP Government, wato darasin gwamnati da siyasar Amurka, bana ko ya haƙura, shi ne na ce bari kawai in rubuta kowa ya gani tunda ni na zana jarrabawar a watan Mayu. Ga wanda bai sani ba, AP darasin matakin jami'a ne da ake yi tun ana sakandare a nan Amurka, College Board ke shirya jarrabawar, maki daga 1 zuwa 5, wasu jami'o'in in ka ci 3 su yafe maka kos ɗin, wasu kuma sai 4 ko 5. Ni dai 4 na samu, Alhamdulillah.

Gaskiya da ɗan ji da kai na shiga ajin, don na yi Government a SS1 a Kaduna kafin mu taho, kuma can ai hadda ce, a ba ka ma'anar tarayya ka haddace ranar jarrabawa ka juye musu abinsu. To nan sati na biyu malama ta dire mana Federalist 10 na James Madison, wata maƙala da ke kare sabon tsarin mulkin Amurka, Turancin 1787, jimla ɗaya sai ta ci layi biyar, na karanta sau uku wallahi ban san me bawan Allah yake nufi ba. Washegari ta haɗa mana da Brutus 1, rubutun masu adawa da tsarin mulkin, wanda shi kuma cewa yake ƙasa mai girma haka gwamnatin tsakiya za ta haɗiye jihohi, ta raba ajin gida biyu ta ce kowa ya kare nasa. Ba ruwanta da ra'ayinka, hujja kawai take so, a wane sakin layi ka gani. A shekarar da na yi, takardu tara ne irin wannan dole ka san su, har da wasiƙar da Martin Luther King ya rubuto daga kurkukun Birmingham a 1963, ita kam ta fi duk sauran daɗin karatu.

Inda na fi jin daɗi shi ne shari'o'in Kotun Ƙoli, guda 14 ne, da 15 ne aka cire Roe v. Wade, shari'ar haƙƙin zubar da ciki, bayan kotun ta soke hukuncin a 2022. Ranar da muka yi Engel v. Vitale na 1962 gabana sai da ya faɗi, don na ji wai an hana addu'a a makarantun gwamnati, ni kuwa kullum a bayan kantocin littattafai a laburare nake shimfiɗa ɗan kwalina in yi azahar ina waige-waige kamar mara gaskiya. Bayan an tashi na tsaya na tambayi malama, ta ce abin da aka hana shi ne hukuma ta tsara addu'a ta sa a karanta a makaranta, ɗalibi ya yi tasa ibadar kuwa wannan haƙƙinsa ne, kuma duka biyun daga gyara na farko na tsarin mulki suka fito. Tun daga ranar na daina waigen. Na tuna asambile ɗinmu na Kaduna da ake buɗewa da addu'a kowace safiya, na yi dariya ni kaɗai. Sai Gideon na 1963, mutumin da ya rubuto wa kotu ƙara da fensir daga gidan yari a Florida don an hana shi lauya, wannan ko ba don jarrabawa ba ka so ka ji ƙarshensa.

Abbanmu ma sai da ya shiga karatun ba gayyata. Ina bitar yadda ake zaɓen shugaban ƙasa a falo, wakilan zaɓe 538 ne daga jihohi da babban birni suke zaɓensa, sai ka samu 270 kafin ka ci, na ce masa a 2016 Hillary Clinton ta fi yawan ƙuri'u amma Trump ya hau, ya ajiye kofin shayi ya ce to ai mu da muka kwafo tsarin nasu a 1979 mun yi dabara da muka bar musu wannan. Daga nan ya hau lissafa min sanatocinmu 109 nasu 100, wakilanmu 360 nasu 435, sai da Mama ta ce a ƙyale yarinya ta yi karatunta.

Abin da bai min ba kuma, darasin don 'yan gida aka tsara shi. Yaran nan tun firamare suke jin labarin yaƙin basasarsu da su Lincoln, ni kuwa sai na koma gida in yi ta neman bidiyo a YouTube ina cike gurbi. Malamarmu kuma ta ɓata lokaci sosai a babi biyu na farko cikin biyar ɗin, na ƙarshe da ke maganar jam'iyyu da zaɓe da kafafen labarai a guje muka wuce shi, alhali yana da kaso mai tsoka a jarrabawa. Ita jarrabawar awa uku ce a kwamfuta, tambayoyin zaɓi 55 a minti 80, sai na rubutu huɗu a minti 100, na ƙarshen shi ne ka ɗauki matsaya ka kare ta da takardun nan, a nan lokaci ya kusa ƙure min don na tsaya ƙawata gabatarwa, kar wanda ya yi irin wautata. Kuɗin rajista ya kusa dala 100, amma akwai ragi ga masu ƙaramin ƙarfi, ku tambaya a ofishin makaranta da wuri.

Don haka Anti, in dai yaron nan ba ya gudun karatu mai tsawo ki bar shi ya ɗauka, ya fara karanta tsarin mulkin tun a hutu, ba shi da wani yawa. Ni kam bana AP Comparative Government na yi rajista, ƙasashe shida ake yi, Birtaniya, Rasha, Sin, Iran, Meziko da Najeriya, zan so in ga fuskar 'yan ajinmu ranar da aka iso kanmu.