Convoy S2+: Tocilar da Ta Dace a Mayar da Ita Fitilar Keke, Amma a Goshi Sai da Gyara

Masu haɗa fitilar keke ko ta goshi da hannunsu suna yawan farawa da tocilar kasuwa mai zuƙo haske, irin wadda ake rubuta wa lumen (ma'aunin yawan haske) dubu goma a kwali. Da an buɗe ta ake gane inda aka rage kuɗi: ƙwan LED ɗin yana zaune ne a kan zobe mai rami a tsakiya, ba shi da ƙarfen da zai sha masa zafi, wayoyin kamar zare, makunnin kuma roba. Convoy S2+, wadda ake yi a China kuma aka fi saye ta AliExpress, ta yi suna ne saboda ta kauce wa wannan. Gangar jikinta alminiyam ce, kaurinta wajen milimita 24, tsawonta bai kai santimita 12 ba, tana cin batir ɗaya ƙirar 18650. Abin da ya fi muhimmanci ga mai gyara shi ne duk kayan cikinta suna kwancewa da hannu, ba a liƙe komai da gam ba, kuma girmansu na kowa ne: allon direba (allon da ke daidaita wutar da ke zuwa LED) milimita 17, farantin LED milimita 16, kofin haske wajen milimita 20. Duk wanda ya lalace ana samun madadinsa.

LED ɗin da direban suna zaune a cikin wani ɗan gwangwanin tagulla mai zare da ake murɗawa cikin kan tocilar. Ƙasansa a toshe yake, don haka zafin LED yana bi ta tagullar ya shiga alminiyam ya fita. Mutum ya ji tocilar ta yi ɗumi a hannu bayan minti biyu, wannan alama ce mai kyau. Wadda ke haske sosai amma jikinta da sanyi, zafin yana can ciki yana cin ƙwan.

Kuskuren da aka fi yi tun wajen oda ne. Ana sayar da ita da direba iri-iri, kuma tsohon samfurin da aka fi sani yana amfani da ƙananan kwakwalwan AMC7135, kowace ɗaya tana ba da miliamfiya 350. Uku suna ba da amfiya 1.05, huɗu 1.4, shida 2.1, takwas 2.8. Kusan kowa hannunsa kan mai takwas yake zuwa, tunda farashin kusan ɗaya ne. Ga keke, mai huɗu ta fi. Da LED irin Cree XM-L2, amfiya 1.4 tana ba da wajen lumen 500, kuma batir mai mAh 3000 (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) zai riƙe ta kimanin awa biyu. Mai takwas tana kusantar lumen 1000, amma batirin ba ya wuce awa ɗaya da kaɗan, ido kuma ba ya ganin hasken ya ninka. Abin da zai gani ƙari ne matsakaici. Ga kuma zafi. Wannan direban ba ya juya rarar wuta zuwa wani amfani, ƙona ta yake yi. Cikakken batir yana bolt 4.2, LED yana buƙatar wajen 3.1, bambancin sau amfiya 2.8 ya kama kusan wat 3 da ke zama zafi a kan allon da girmansa kamar na farcen babban yatsa ne, ban da zafin LED ɗin kansa. Idan keke yana tafiya iska tana kwashewa. An tsaya hira a bakin hanya da daren watan Afrilu, a minti biyar ba ta riƙuwa.

Wanda ya riga ya sayi mai takwas ba sai ya cire komai ba, in dai direbansa mai rukuni 12 ne, wato mai jerin matakan haske iri 12 da ake zaɓa daga ciki. Ana shiga saiti da taɓa makunnin rabi-rabi da sauri, sau 20 ko fiye, har ta daina sauya haske. Za ta yi ƙifta ɗaya ta biyo da karkarwa. A taɓa a lokacin, sai ta fara ƙirga rukunai da ƙifta, a kashe ta a lambar da ake so. Rukuni na 8 yana tsayawa a rabin ƙarfi, ba shi da walƙiya ko ɗaya. Rukuni na 12 haske ɗaya ne tak, cikakken ƙarfi, kuma shi ya dace da mai 7135 uku ko huɗu a kan keke, saboda dalilin da ke tafe.

Makunnin yana gindi, kuma direban yana gane umarnin sauya haske ne ta ɗan yankewar wuta. To, hanya mai gargada ita ma tana yanke wuta. Keke ya faɗa rami, batirin ya matsa sifirin na gefe ɗaya ya saki na ɗaya gefen na ƙiftawar ido, direban ya ɗauka an taɓa shi, sai haske ya koma mafi ƙanƙanta a daidai lokacin da ake buƙatarsa. S2+ tana da sifirin gaba da baya, abin ya zo mata da sauƙi fiye da tocilolin kasuwa, amma bai ƙare ba. Maganin guda uku ne: a zaɓi rukuni mai haske ɗaya, a naɗa wa batirin takarda zagaye ɗaya ko biyu don ya daina kaɗawa a cikin bututun, sannan a duba zoben da ke riƙe da makunnin a cikin murfin gindi. Zoben nan yana kwancewa da girgiza, kuma shi ne musabbabin yawancin ƙyaftawar da ake ɗora wa direba. Yana da ramuka biyu. A sa bakin hantsaki a ɗaure shi.

Babban aibinta a matsayin fitilar keke shi ne siffar hasken. Kofin da take zuwa da shi yana tara haske a tsakiya, ya watsa saura a zagaye, rabi a ƙasa rabi a sama, wato cikin idon mai tahowa. Fitilun keke da aka yi bisa dokar hanya ta Jamus suna yanke hasken a layi ɗaya don kada ya hau sama. Tocila ba ta da wannan, kuma ba za a iya samar mata shi daidai ba. Abin da za a iya shi ne ragewa. A kwance kan tocilar, a sa hantsaki a ramukan gwangwanin tagullar daga ɓangaren batir, a murɗo shi waje, kofin da gilashin za su zubo. A maye kofin da ruwan tabarau na roba da ake kira TIR, mai milimita 20, mai faɗin digiri 30 ko 45. Wanda ke da layi-layi a fuska ya fi, domin yana shimfiɗa hasken ta gefe ɗaya kawai. A juya shi har hasken ya kwanta dama da hagu. A lura da girman ƙwan kafin oda: XM-L2 da SST-40 milimita 5 ne kowane gefe, SST-20 da Nichia 519A da Samsung LH351D milimita 3.5. TIR da aka yi wa ƙaramin ƙwai ba zai zauna kan babba ba, in aka matsa shi sai ya fasa ɗan kumburin silikon da ke saman LED.

Wajen mayar da kayan, wurare biyu ne ake ɓarna. Na farko, dalmar da ke riƙe da wayoyi biyun a kan farantin LED. Idan ta yi tudu kuma aka bar kofin ƙarfe, gindin kofin zai taɓa ta ya haɗa wuta. Farin zoben roba da ke kewaye da ƙwan shi ke hana haka, kada a yar da shi. Na biyu, man da ke tsakanin farantin da tagullar. Irin wanda masu gyaran kwamfuta ke shafa wa firosesa ne, kuma ɗigo kamar ƙwayar gero ya isa. An cika shi, ya zama katanga maimakon gada.

Sai a ƙara rumfa: a yanko guntun bututun roba na famfo mai faɗin da zai shiga kan tocilar, a bar leɓe na sama ya zarce gilashin da santimita biyu zuwa uku. A karkatar da fitilar yadda tsakiyar hasken zai sauka ƙasa a tazarar mita 8 zuwa 10. Gwajin mai sauƙi ne: a jingine keken, a taka mita 15 gaba, a juyo. Idan ido ya kasa kallo, a ƙara sunkuyar da ita.

Ɗaurawa ba ta buƙatar sayen komai na musamman. Kilif biyu na ƙarfe irin na tiyon mota, a zura ɗaya cikin ɗaya, guda ya kama hannun keken, guda ya kama tocilar, a shimfiɗa yankin tsohon tiyub a ƙarƙashin kowanne. Hannun keke yakan zo da kauri milimita 22.2 a wajen riƙo, 25.4 ko 31.8 a tsakiya, don haka a auna kafin a sayi kilif. A kama tocilar a tsakiyar jikinta inda nauyi ya daidaita, a bar kan a buɗe, saboda roba a kansa tana riƙe zafi. Maƙalan roba masu juyawa da ake sayarwa da arha suna sunkuyawa da kansu a kan gargada.

A goshi labarin ya bambanta. Da batir a ciki nauyinta ya haura giram 110, kuma haskenta ta baki yake fita, sai dai a ɗaura ta a gefen kai, inda take rinjayar madauri tana dukan kunne. Ana sayar da gajeren bututu na batir 18350 da ke rage tsawon, amma batirin bai cika wuce mAh 1100 ba. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki kan tocilar kaɗai, a mayar da batir ƙeya ko aljihu. Wayar fositif ta tafi tsakiyar direba inda sifirin yake, negatif ta tafi zoben gefen allon, makunni a kan waya ɗaya, a ɗaure wayar a jikin madaurin don kada ja ya kai ga dalmar. Kaurin waya ba abin wasa ba ne a nan. Mita ɗaya na waya lamba 22, zuwa da dawowa, yana cin wajen bolt 0.15 a amfiya 1.4, kuma wannan direban ba shi da rarar da zai bayar. Da batir ya sauko kusa da abin da LED ke buƙata, haske ya fara dushewa. A sa lamba 20, wadda ta fi kauri, in tazarar ta kai aljihu. Kan kaɗai kuma ba shi da jikin da zai sha zafi, ga shi a kan fata, saboda haka 7135 uku ne iyaka.

Ana iya haɗa batir biyu don ƙarin lokaci, amma gefe da gefe, fositif da fositif, kuma sai mitar awon wuta ta nuna ƙarfinsu ɗaya kafin a haɗa. Kada a jera su kai da gindi: bolt 8.4 ke nan, AMC7135 kuwa iyakarta 6. Batirin babur mai bolt 12 ma haka, nan take zai kashe ta.

Ko an gyara ta, fitilar goshi ba ta maye gurbin ta hannun keke. Hasken da ke fitowa daga kusa da ido ba ya nuna inuwa, rami da tudu duk su zama shimfiɗe. A lokacin hunturu kuma ƙurar da ke gaban fuska tana dawo da hasken cikin ido. Fitila a ƙasa tana jefa inuwa a bakin kowane rami. Launi ma yana da tasiri: fari mai shuɗi-shuɗi na 6500K ya fi ɗaukar ido a shago, amma 4000K ya fi sauƙin kallo cikin ƙura, kuma ya fi bambanta yashi da laka.

S2+ ba ta da wurin caji a jiki, kuma yawanci ba ta zuwa da batir. Wannan ne ɓangaren da mai saye a nan zai fi shan wahala. Batirin 18650 na gaskiya bai cika wuce mAh 3500 ba, irin su Samsung 35E, kuma nauyinsa wajen giram 45 zuwa 50 ne. Wanda aka rubuta wa 9900 ƙarya ce tsagwaronta, a ɗora shi a sikeli za a ji shi sakayau. Waɗanda ake cirowa daga tsofaffin batiran laftof sun fi su, in an tantance: wanda mita ta nuna ƙasa da bolt 2.5 a ajiye shi gefe, wanda ya yi zafi wajen caji haka, wanda aka cika aka bari mako guda ya sauko ƙasa da 4.1 shi ma haka. Rigar robar da ta yage a sake ta kafin a zura shi, domin duk gwangwanin batirin negatif ne, ya taɓa bututun ya tsallake makunnin. Don caji, ƙaramin allon TP4056 mai kariya yana karɓar wuta daga cajar waya ko sola, yana ba da amfiya 1, ya cika batir mai mAh 3000 cikin kimanin awa huɗu. A sa batirin a gidansa na roba mai sifirin. Ɗora ƙarfen dalma kai tsaye a kan batir yana lalata shi daga ciki.

Zoben roba da ke mahaɗanta suna tare ruwan sama da ƙura muddin ba su bushe ba. A shafa musu man silikon kafin damina, ban da man inji. Wanda ya huda ta don fitar da waya ya toshe ramin da gam ɗin silikon, ya kuma bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, don ruwan da ke bin ta ya ɗiga a waje.