Ma'aikacin walwalar jama'a ko masanin halayyar ɗan Adam: wa ya kamata ka gani?

A Amurka, wanda damuwa ko fargaba ta addaba yakan buɗe jerin sunayen da kamfanin inshorarsa ya amince da su, sai ya tarar da haruffa a bayan kowane suna: wannan LCSW, wancan PhD, waccan PsyD. Mai LCSW ma'aikacin walwalar jama'a ne da ya samu lasisin duba masu matsalar ƙwaƙwalwa. Sauran biyun masana halayyar ɗan Adam ne, su ake kira Dakta. Mutane da yawa sukan nufi mai Dakta kai tsaye, a ganinsu ya fi iyawa ta kowace fuska. Wannan zaton yana sa wasu su biya kuɗin da bai zama dole ba, wasu kuma su yi watanni suna jiran layi alhali ga wanda zai taimake su a kusa.

Hanyar da kowanne ya bi kafin ya zauna a ofis ita ce ta bambanta aikinsu. Ma'aikacin walwala yana yin digiri na biyu, wato MSW, galibi shekara 2, a makarantar da hukumar CSWE, mai sa ido kan karatun aikin walwala, ta tantance, kuma dole ya yi aƙalla awa 900 na aikin koyo a asibiti, makaranta ko wata cibiya. Bayan ya gama ba a sake shi nan take ba. Jihohi da yawa suna neman kimanin awa 3,000 na aiki a ƙarƙashin kulawar babba a fagen, abin da ke ɗaukar shekara 2 ko fiye, sannan ya ci jarrabawar samun lasisi ta hukumar ASWB. Shi kuwa masanin halayya digirin digirgir yake yi, shekara 5 zuwa 7, ciki har da shekara guda cur ta aikin koyo, sannan ya zauna jarrabawar samun lasisi da ake kira EPPP. Mai PhD ya fi nutsawa a bincike da lissafin alƙaluma, mai PsyD ya fi karkata ga duba marasa lafiya.

A ɗakin zama da mara lafiya kuwa, wannan ratar ta shekaru ba ta bayyana kamar yadda ake tsammani. Dukkansu a mafi yawan jihohi suna da ikon tantance ciwo bisa DSM-5-TR, littafin da ya jera cututtukan ƙwaƙwalwa da alamominsu, dukkansu suna zama da kai minti 45 zuwa 50, galibi sau ɗaya a mako. Hanyar nan ta gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, wadda akan yi zama 12 zuwa 20 a kanta don ciwon damuwa ko fargaba, ma'aikacin walwalar da ya koye ta da kyau zai gudanar da ita daidai da mai digirin digirgir. Abin da ke sa magani ya ci shi ne ko mutumin ya ƙware a hanyar da ta dace da ciwonka, da kuma ko jininku ya haɗu har ka iya faɗa masa abin da ke ranka.

Inda masanin halayya ya yi zarra babu gardama shi ne gwaje-gwaje. Idan tambayar ita ce "mene ne ainihin abin da ke damun yaron nan?" ko "mantuwar nan ta baba tsufa ce ko farkon ciwon gushewar tunani?", shi za a nema. Shi aka horar ya yi gwajin kaifin basira irin WISC ga yara 'yan shekara 6 zuwa 16 da WAIS ga manya, da gwajin halayya irin MMPI, wanda sabon bugunsa na 2020 ke da tambayoyi 335. Cikakken binciken yadda ƙwaƙwalwa ke aiki yana cin awanni da dama, wani lokaci sai an raba shi kwana biyu. Za a karanta maka jerin lambobi ka maimaita su daga ƙarshe zuwa farko, a ba ka 'yan tubala masu launin ja da fari ka jera su daidai da zane ana duba agogo, a faɗa maka kalmomi a sake tambayarka bayan ɗan lokaci. Daga nan sai ya rubuta rahoto mai shafuka da yawa, wanda makaranta, kotu ko hukumar kula da masu buƙata ta musamman za ta iya aiki da shi. Wannan aikin ba na ma'aikacin walwala ba ne, kuma nagari a cikinsu zai faɗa maka haka ya tura ka. Illar kawai ita ce tsada da jira: layin gwaji yakan yi tsawo, kuma inshora sau da yawa tana neman a nemi izininta tun kafin a fara, in ba haka ba ta ƙi biya.

Ma'aikacin walwala kuma ƙarfinsa yana wani wuri da ake raina wa. An horar da shi ya kalli mutum tare da halin da yake ciki: gida, aiki, bashi, rashin lafiyar wani a iyali, rikicin aure. Ɗauki matar da ke jinyar mahaifiyarta mai shanyewar ɓarin jiki, barci ya ƙaurace mata, ga takardar kora daga mai gida. Koya mata yadda za ta sauya tunaninta yana da amfani, amma ba zai tsayar da korar ba. Ma'aikacin walwala zai yi zaman magani da ita, a lokaci guda ya san wace takarda za ta cike don neman Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa ƙarfi, da inda ake samun mai zuwa gida ya karɓe ta jinya na 'yan awanni, da ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi a kan batun haya. A asibitoci ma shi ke tsara sallamar mara lafiya: ina zai koma, wa zai kula da shi, yaushe zai dawo. Ga wanda damuwarsa ta cakuɗe da matsin rayuwa, wannan sabis ɗin ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Batun kuɗi ma yana gefen ma'aikacin walwala. Shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, yana biyan ma'aikacin walwala kashi 75 cikin 100 na abin da yake biyan masanin halayya a kan zama iri ɗaya, kuma masu biya daga aljihu ma galibi sukan tarar da farashinsa ya fi sauƙi. Ma'aikatan walwala sun kuma fi yawa, don haka an fi samun gurbi da wuri, musamman a ƙananan garuruwa da asibitocin al'umma. Wanda ba shi da inshora yana da haƙƙi, tun daga 2022, ya nemi a rubuta masa kiyasin abin da zai kashe kafin a fara.

Magani na sha ba aikin kowannensu ba ne a bisa al'ada. Na likitan ƙwaƙwalwa ne, ko likitan iyali, ko ma'aikaciyar jinya mai lasisin rubuta magani. Akwai 'yan jihohi da suka bai wa masanin halayya wannan dama bayan ƙarin horo a kan magunguna: New Mexico ta fara a 2002, Louisiana ta bi a 2004, sai Illinois, Iowa, Idaho, Colorado da Utah. Ma'aikacin walwala ba ya rubuta magani a ko'ina.

Kurakuran da ke ɓata wannan sabis sun fi zuwa daga rashin dacewa tsakanin ciwo da hanyar magani. Mai ciwon waswasi, wanda ke wanke hannu har fata ta tsage ko ya koma duba ƙofa sau goma, yana buƙatar hanyar ERP, inda ake fuskantar da shi da abin da yake tsoro sannu a hankali, a hana shi yin abin da ya saba yi don samun sauƙi. In aka zaunar da shi ana hira ana kwantar masa da hankali kowane mako, ciwon ƙaruwa yake yi, domin neman a kwantar masa da hankalin ma wani ɓangare ne na ciwon. Wannan kuskuren mai LCSW yana yinsa, mai PhD ma yana yinsa. Haka wanda ya tsira daga mummunan tashin hankali yana buƙatar wanda ya koyi hanya ta musamman ta magance raunin da tashin hankali ke bari a rai, kamar CPT ko EMDR. Wani haɗarin kuma shi ne a ɗauki mai ciwon sauyin yanayi, wanda ke hawa sama ya faɗo ƙasa, a matsayin mai ciwon damuwa kawai, don ba a tambaye shi ko ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma yana jin ƙarfi da rawar kai ba. In aka ba irin wannan maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tayar masa da ciwon. Sannan matsalar maƙoƙo, ƙarancin jini ko ƙarancin sinadarin B12 suna iya kama da ciwon damuwa, kuma babu ɗaya daga cikin su biyun da zai gano haka da hira, sai an je gwajin jini wurin likita.

Kafin ka biya zaman farko, shiga shafin hukumar lasisi ta jiharku ka duba sunan wanda za ka gani: lasisin yana aiki, kuma an taɓa hukunta shi? Idan ta intanet za ku riƙa ganawa, dole ya kasance yana da izinin aiki a jihar da kai kake zaune, ba inda shi yake ba. Masana halayya suna da yarjejeniyar PSYPACT da ta sauƙaƙa musu wannan tsakanin jihohin da suka shiga. Tambaye shi wace hanya zai bi da kai, a ina ya koye ta, kuma da me zai auna ci gaba. Amsa mai kyau takan ƙunshi ma'auni irin PHQ-9 na ciwon damuwa, tambayoyi 9 da makinsu ke tashi daga 0 zuwa 27, ko GAD-7 na fargaba, ana maimaita su bayan 'yan makonni. In an yi zama 6 zuwa 8 maki bai motsa ba, kai ma ba ka ji sauyi ba, lokaci ya yi da za ku sake tsari ko ya tura ka wurin wani.

Sirrinka a wurin dukkansu a tsare yake, sai a inda doka ta tilasta musu magana: cin zarafin yaro, ko in kana shirin cutar da kanka ko wani. Kuma ofishin kowannensu ba wurin gaggawa ba ne. Wanda tunanin kashe kansa ya taso masa a Amurka ya kira ko ya aika saƙo zuwa 988, layin da ke aiki dare da rana tun watan Yuli na 2022, ko ya nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.