Manhajar ɓoye saƙo ta ƙananan na'urori: Ascon ya burge ni, masu sayarwa kuma sun ba ni haushi

Da a watan farko aka tambaye ni, tauraro biyar zan ba wannan manhaja ba tare da na yi tunani ba. Yanzu kam sai an bar ni na huce tukuna.

Sana'ata haɗa 'yan na'urorin da ake maƙalawa a rijiyoyin burtsatse masu sola. Suna auna ruwan tanki, su aika rahoto ta rediyon LoRa mai kai ƙananan saƙonni nesa, a kuma turo musu umarnin kunna famfo ko kashe shi. LoRa zalla nake amfani da shi, ba tsarin LoRaWAN ba da ya zo da nasa makullin ɓoye saƙo mai suna AES-128, don haka saƙona tsirara yake tafiya a iska. Duk yaron da ya sayi ɗan rediyo mai arha zai iya naɗar umarnin "kunna" ya sake watsa shi lokacin da ya ga dama. Tun abin da ƙwaron kwamfuta mai suna Mirai ya yi a 2016, da ya mamaye kyamarori da na'urorin intanet na gida saboda kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani, ba na son barin ƙofa a buɗe.

Matsalar ita ce cip ɗina, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ɗan ƙarami ne mai suna ATmega328P. RAM ɗinsa, wurin da yake riƙe bayani na wucin gadi, kilobayit 2, wurin ajiye manhaja kilobayit 32. TLS, tsarin ɓoye saƙo da ake amfani da shi a intanet, ba ya ko leƙa nan. Masu cip ɗin ESP32 ku kuna hutawa, tunda AES a jikin cip ɗinku yake. Shi ya sa na biya lasisin wannan kunshin da ake ta tallatawa a cikinmu masu wannan sana'a, wanda aka gina a kan Ascon, tsarin ɓoye saƙo na ƙananan na'urori. Masu sayarwar kuma da dala suke karɓar kuɗi.

Gaskiya Ascon abin yabo ne. Ba banza NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta zaɓe shi a gasar tsare-tsaren ɓoye saƙo na ƙananan na'urori a Fabrairun 2023 ba, bayan ta tace tsare-tsare 57 da aka miƙa mata har suka koma goma. Masu bincike ne suka ƙirƙiro shi a 2014, cikinsu har da na jami'ar fasaha ta Graz a Ostiriya. Da na ɗora shi a kan cip ɗin sai na ga wuri ya rage har na ƙara ma'aunin zafin injin. Yana kulle saƙo, ya kuma buga masa hatimi na bayit 16 a aiki ɗaya. Na canza bayit guda a hanya don gwaji, na'urar karɓa ta yi watsi da saƙon nan take. Batir ma bai nuna ya ji komai ba. Har na fara yi wa abokan sana'a wa'azinsa.

Sai damina ta zauna. Aka yi kwanaki rana ba ta fito sosai ba, batirin wata rijiya ya sauka, na'urar ta mutu, da gari ya washe ta farfaɗo da kanta. Fitilarta na ƙiftawa lafiya lau, amma babu rahoton da ke shigowa, famfo kuma bai tashi ba. Mai unguwa ya kira ni da sassafe: "Injiniya, mata sun cika bakin famfo da jarkoki, tanki babu ko ɗigo." Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni nan tafe." Na iske layin jarkoki har ya zagaye katangar masallaci. Na kunna famfon da hannu, sannan na zauna ƙarƙashin tanki da kwamfuta a cinya ina bin abin layi-layi.

Ga abin da na tarar. Ascon yana buƙatar mabuɗi, yana kuma buƙatar wata lamba da ba a maimaita ta ko sau ɗaya a ƙarƙashin mabuɗi guda. Manhajar nan tana samar da lambar ne ta hanyar ƙirga, ɗaya, biyu, uku, amma a RAM kawai take riƙe ƙirgar. Wuta na ɗaukewa sai ta koma sifili. Na'urar karɓa ta ga tsofaffin lambobi, ta ɗauka wani ne ke maimaita tsohon saƙo, ta ƙi karɓa. Ita ta yi aikinta daidai. Abin da ya tayar min da hankali shi ne sababbin saƙonni sun yi ta fita da lambobin da aka riga aka yi amfani da su, kuma idan haka ta faru, mai saurare zai iya jera saƙo biyu ya tsinci wani abu daga cikinsu. To wane irin tsaro ne wannan da ɗaukewar wuta ke warware shi? A ƙasar da ɗauke wuta ya zama ruwan dare?

Na rubuta musu. Amsa ta daɗe kafin ta zo, da ta zo kuma cewa suka yi ajiye ƙirgar hakkin mai haɗa na'ura ne. Na yarda, amma ina aka rubuta? Misalin da suka bayar a littafin jagora babu wannan gargaɗi, kuma shi kowa ke kwafa. Ni na zauna na gyara. Cip ɗin yana da wata ma'ajiya, EEPROM, mai kilobayit 1 da ke riƙe abu ko babu wuta, sai dai rubutu kusan 100,000 aka yi masa alkawari, don haka ba a rubuta masa a kowane saƙo. Sai na sa ya riƙa ajiye ƙirgar jefi-jefi, idan na'ura ta farfaɗo ta yi tsalle gaba da nisa ta ci gaba daga can. Na kuma canza mabuɗin duk rijiyoyin. Aikin da bai fi layi ashirin ba, kuma shi ne dai na biya kuɗi don kada in yi.

Har na fara yafe musu, tunda abin ya zauna, sai ga sabuntawa. NIST ta fitar da cikakken ƙa'idar Ascon a Agustan 2025, kuma sigar da ta tabbatar ta ɗan bambanta da ta lokacin gasa, ba sa fahimtar juna. Wannan ba laifin masu sayarwa ba ne. Laifinsu shi ne sun turo sabon kunshi da 'yar takarda mai cewa an inganta shi, ba su ce tsofaffin na'urori za su daina magana da sabuwar na'urar karɓa ba. Nawa kuwa ba a sabunta su daga nesa, sai an hau babur an je da waya an jona. Kuɗin man wa zai biya?

Tauraro biyu, kuma duka biyun na Ascon ne. Waɗanda suka ƙirƙire shi sun ajiye manhajarsu kyauta a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji a intanet, da ita zan haɗa rijiyoyin da ke tafe. Wanda ya riga ya biya lasisin nan, ya cire wa na'urarsa batir yau, ya mayar, ya duba lambar da za ta fara fitowa.