Sayen Gidan Farko ko Ci Gaba da Tara Kuɗi?

Mutum biyu ne, samunsu ɗaya. Na farko ya kwashe ajiyarsa kaf ya ba da kafin alƙalami na gida, na biyu ya ci gaba da zaman haya yana ƙara tari.

Na farkon ya huta da ƙarin kuɗin haya, kuma abin da yake biya wata-wata yana komawa cikin kadararsa. Sai dai hidimar gida ba ta ƙarewa a kuɗin saye. Akwai na takardu, na lauya, na dillali, sannan rufi ya yi yoyo, famfo ya lalace, duk a wuyansa. Idan bashin banki ne mai dogon zango, a shekarun farko kuɗin ruwa ne ke cinye yawancin biyan, uwar kuɗin kaɗan-kaɗan take raguwa. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da aiki ya tsaya ko ciwo ya zo. Gida ba ya sayuwa a kwana biyu, wanda kuma ya sayar cikin matsi, da asara yakan rabu da shi.

Na biyun yana da kuɗi a hannu, da damar tashi idan aiki ya kira shi wani gari. Amma hauhawar farashi tana zaizaye ajiyarsa, gidajen ma ba jiransa suke ba.

Ni dai na fi karkata ga saye, bisa sharaɗin a ware abin da zai riƙe iyali wata 3 zuwa 6, ko da za a koma ga gida mai ɗaki biyu maimakon huɗu.