TTF-TCNQ ko Gishirin Bechgaard?

Ɗalibai sun yi ta tambayata wanne za su ɗauka a bincikensu cikin waɗannan sinadarai biyu masu tushen kabon da ke iya wuce da lantarki.

TTF-TCNQ, wanda aka gano halinsa a 1973, yana wuce da lantarki kamar ƙarfe, amma da sanyi ya kai kelbin 54 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi) sai hanyar lantarkin ta fara toshewa. Aiki da shi bai cika wahala ba.

Gishirin Bechgaard, wato (TMTSF)2PF6, ya fi ban sha'awa, sai dai akwai jan aiki. A kelbin 12 maganaɗisun ilektaron ɗinsa (ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki) kan jeru, ya daina wuce da lantarki. A 1980 aka matse shi da kilobar 12 (kilobar ma'aunin matsi ne), lantarki ya ratsa shi babu turjiya a kelbin 0.9. Kayan irin wannan sanyi kuwa akwai tsada.

Mai koyo ya fara da TTF-TCNQ. Mai binciken maganaɗisu, in yana da kayan aiki, ya kama Bechgaard.