Gini naka ne, fili na amana: abin da na gani a Vermont

Yaya, barka da war haka. Ka tambaye ni ko mai ƙaramin ƙarfi na iya mallakar gida a Amurka. A wurare da yawa sai dai ya ƙare rayuwarsa a haya, amma a nan jihar Vermont na ga wani tsari da ya tsaya mini a rai.

A 1984, Bernie Sanders yana magajin garin Burlington, birnin ya ba da dala 200,000 aka kafa ƙungiyar riƙon amanar filaye, wadda yau ake kira Champlain Housing Trust. A 1987 majalisar dokokin jihar ta kafa hukumar gidaje da kare filaye, ana ware mata kuɗi daga harajin cinikin gidaje, bisa sharaɗin gidan da ta tallafa ya dawwama cikin sauƙin kuɗi.

Ƙungiya ke riƙe da fili, kai ka sayi ginin, tallafi ya ɗauke maka kuɗin da ake fara ajiyewa. Ranar da za ka sayar, kashi 25 cikin 100 na ƙarin darajar gidan ne rabonka, sauran ya zauna a jikin gidan domin wani marar ƙarfi ya iya saye.

Da farko na ce wannan ai ƙwara ce. Sai wata maƙwabciyata, mai aikin goge-goge a asibiti, ta baza mini takardunta a kan teburin kicin. Ta nuna mini abin da take biya duk wata, bai kai hayar da nake biya ba. Ta dasa tumatir a bayan gida, ta yi wa ɗakin 'yarta fenti yadda take so, ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce an ƙara kuɗi.

Nan na tuna gidajen da gwamnatoci ke rabawa a gida Najeriya da sunan talakawa. Kafin shekara ta zagayo dillalai sun shiga tsakani, gidan ya koma hannun mai kuɗi. Wallahi abin yana ci mini rai, domin filaye dama suna hannun gwamna tun dokar filaye ta 1978. Irin wannan sharaɗi ne kawai ba a gindaya ba.

Abin da ya rage mini shi ne kuɗin ruwa a bashin banki. Don Allah ka tambayar mini Malam, kafin in shiga ajin da suke wajabta wa masu saye.