Jirgin ɗaukar motoci na Lötschberg: sharhina bayan tafiya wasan zamiya kan ƙanƙara a Zermatt

Duk wanda ya tashi daga Bern, a ƙasar Suwizalan, da mota a lokacin hunturu yana son zuwa Zermatt, hanyoyi biyu ne a gabansa: ko ya kewaye duwatsun, ko ya bi ta cikinsu. Ta saman dutse kam babu, domin mashigar Grimsel mai tsayin mita 2,164 rufe ta ake yi tun farkon sanyi, ba a buɗewa sai dusar ƙanƙara ta narke. Mu ta ciki muka bi a tafiya, muka kewayo a dawowa, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kan duka biyun.

Ta ciki ɗin ita ce jirgin ƙasa na kamfanin BLS da ke ɗaukar motoci daga Kandersteg zuwa Goppenstein ta ramin Lötschberg. Tsohon rami ne, an buɗe shi a 1913, tsawonsa kilomita 14.6. Kada a haɗa shi da sabon ramin da aka buɗe a 2007 can ƙasa, mai kilomita 34.6, wanda jiragen fasinja masu gudu da na kaya ke bi. Na motoci shi ne na sama.

Daga Bern ka kama babbar hanyar A6, ka wuce Thun zuwa Spiez, sannan ka shiga kwarin Kander ta Frutigen. Kilomita 65 ne ko kusa da haka zuwa tashar. Ka biya a ƙofa ko ka sayi tikiti ta intanet tun daga gida, kuɗin ƙaramar mota kusan faran 30 na Suwizalan, na ƙarshen mako ya ɗan fi tsada. Ba a kama wuri, wanda ya riga zuwa shi ke fara shiga. Ma'aikata na nuna maka layi, ka tuƙa motarka da kanka ka hau taragon, ka bi ta baya har ta gabanka ta tsaya. Sai ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka zauna.

Minti 15 ne, kuma mafi yawansu cikin duhu. Taragon na da rufi amma gefensa a buɗe yake, ƙarar ƙarfe na dukan kunne, motar na ɗan rawa a ƙarƙashinka. Yaran da ke bayan motarmu sun yi ta ihun murna, mai ɗakina kuwa tasbihi ta riƙa ja har muka ga haske. Ba a fita daga mota, saboda haka mai buƙatar kewayawa ya gama da ita a tasha. Da yake inji a kashe yake, na'urar ɗumama mota ma ta tsaya, sanyi kuma ba ya ɓata lokaci wajen shigowa. Rigar sanyi ta kasance a jiki, ba a cikin but ba.

Ribar a fili take. Daga Goppenstein zuwa Täsch, ƙauyen da ake ajiye mota kafin Zermatt, kilomita 50 ne ko makamancin haka, jimillar tuƙi ke nan ba ta fi 120 ba. In ka kewaya ta A12 zuwa Vevey, ka kama A9 ta Montreux da Martigny da Sion har Visp, ka ba kilomita 220 baya kafin ka isa. Da tsadar mai a Suwizalan, wani kaso na abin da ka biya jirgi zai fita a man da ka rage, ga hutun ƙafa da baya.

Sai dai akwai abin da manhajar taswira a waya ba za ta faɗa maka da babbar murya ba: jirgin nan ba ya raba ka da tuƙin dutse. Kandersteg na kan tsayin da ya kusa mita 1,200, dole ka hau kafin ka same shi, kuma daga Frutigen hanyar na da kwana masu tsini. Da ka sauka a Goppenstein, wata gangara ce ke jiranka zuwa Gampel a ƙasan kwarin Rhône, wani ɓangarenta cikin rami, wani a fili. Ana share ta, ana zuba gishiri, amma mun same ta da santsi a wuraren da rana ba ta kaiwa. A nan ƙaramar giya ce abokiyar tafiya, ba birki ba. Wanda ya saba da hanyar Kano zuwa Zariya, inda ake taka mota a miƙe, sai ya sake koyon haƙuri.

Batun taya kuwa, dokar Suwizalan ba ta tilasta sa tayoyin hunturu ba, amma in ka tare hanya ko ka yi haɗari da tayoyin bazara, tara na iya hawa kanka, inshora ma na iya rage abin da za ta biya. Inda aka kafa shuɗin allo mai hoton taya da sarƙa, ɗaura sarƙa wajibi ne. Mai hayar mota ya duba tayoyin da idonsa kafin ya sa hannu. Ya kuma tabbatar tana da izinin babbar hanya na faran 40 a shekara, ko sitika a gilashi ko wanda aka yi wa rajista da lambar mota.

Hanyar ma na da nata tarihin. Kafin Kandersteg za ka ratsa Mitholz, ƙauyen da rumbun makaman soja ya fashe a Disambar 1947, kuma har yau ragowar albarusai na cikin dutsen, ana shirin kwashe su. Goppenstein kuma ita ce bakin kwarin Lötschental, inda ƙanƙarar dutse ta rufto ta binne mafi yawan ƙauyen Blatten a watan Mayun 2025. Mutum na wucewa yana tuna cewa duwatsun nan ba ado kawai ba ne.

Ranar tafiya ita ce ke yanke hukunci. Jirgi na tashi aƙalla duk rabin awa, ana ƙara yawansa in mutane sun yi yawa. Mu ranar Laraba muka je, ba mu ma gama shan shayin filas ba aka kira layinmu. Asabar daban ce, domin a ranar ce masu hutun mako ke sallamar masauki wasu na karɓa, musamman a watan Fabrairu da makarantu ke hutun wasan ƙanƙara. Layi kan yi tsawo har ya cinye lokacin da ka zo ragewa. Kamfanin BLS na nuna tsawon jira a shafinsa na intanet, duba shi kafin ka kai Spiez ya fi, tun da sauran damar sauya shawara ba tare da asara mai yawa ba.

Dawowarmu ta faɗo a Asabar, ga dusar ƙanƙara na zuba tun asuba, sai muka kewaya. Hanyar na bin ƙasan kwari, ba hawa ba sauka har bakin tafkin Geneva, akwai wuraren hutawa da mutum zai tsaya ya yi salla ya ci abinci. Tsakanin Visp da Sierre babbar hanyar ba ta gama haɗuwa ba, akwai inda za ka koma titi mai hannu biyu ka bi bayan manyan motoci. Daga Vevey zuwa Fribourg kuma akwai hawa, amma a kan faffaɗan titi. Ta fi tsawo, ta fi gundura, ta fi kwanciyar hankali. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Geneva ita ce tasa kai tsaye, ba ruwansa da Lötschberg.

Ko ta ina ka zo, motarka a Täsch za ta kwana, domin ba a shiga Zermatt da motar gida. Akwai babban ginin ajiye motoci haɗe da tashar, jirgi na tashi duk minti 20, tafiyar minti 12 ce, kuma akwai amalanken tura kaya har cikin taragon. Ajiyar ba arha ba ce, a sa ta cikin lissafi tun daga gida.

Ni dai in daga Bern ko Basel zan tashi, ranar aiki ce, sararin sama garau, tayoyina na hunturu, jirgin zan sake hawa. Direban da bai taɓa sauko da mota a kan santsi ba, ko wanda tafiyarsa ta faɗo safiyar Asabar, ya bi ta Vevey.